Koci Sale da Wasan da Ba Rafali

Duk wanda ya taɓa leƙa filin sayar da tsofaffin motocin nan da ke kan titin Gate City Boulevard a nan Amurka ya san Sale, ko yana so ko ba ya so. Filin ba nasa ba ne, cinikin ma ba da shi ake yi ba, aikinsa wanke motoci da jera su. Amma kafin ka gama duba taya ɗaya ya riga ya sanar da kai cewa shi koci ne, ya horar da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Kaduna wadda ta sa 'yan Kano kuka da hawaye. Wata rana ƙungiyar a Zariya take, wata rana a Kafanchan, ya danganta da garin da mai sauraro bai sani ba. Hoto babu, shaida babu, sai wani tsohon usur da ya rataya a madubin bas ɗinsa kamar laya.

Gwauro ne, kuma ya ƙyalla ido a kan Hajiya Larai, wata nas da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Ya yi zarya, ya kai gaisuwa, ya wanke mata mota ba tare da an roƙe shi ba. Ranar da ya fito fili da maganar aure, Larai ba ta ja shi da nisa ba.

"Malam Sale, ni ba yarinya ba ce da za a yi ta kwana-kwana da ni. Amma gidan nan mu biyu ne, ni da Mubina. In ta ce e, na ce e. In ta ce a'a, sai ka yi haƙuri."

Nan gizo ke saƙar, domin duk abin da ke tsakanin Sale da Mubina shi ne "Hi, Uncle" a bushe, idonta a kan waya. Tana shekarar ƙarshe a kwaleji, kuma ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar wani wasa da ake kira ultimate frisbee. Faifan roba ne ake jefa wa juna, mutum bakwai nan, bakwai can, maza da mata. Wanda faifan ke hannunsa ba ya gudu da shi, sai dai ya jefa, kuma ana cin maki ne idan ɗan ƙungiyarku ya cafe shi a ƙarshen filin abokan karawa. A shekarar nan tsofaffin 'yan wasanta sun gama karatu sun watse, an bar ta da sababbi goma da ba su san gaban faifai daga bayansa ba. Ga wasan sababbin shiga da wata kwaleji yana tafe, a wani fili can Pleasant Garden, a nan kuma suke atisaye, ba ta da motar kwasar su.

Larai ce ta ce ai Malam Sale yana da bas. Kafin ta rufe baki Sale ya iso falon.

"Mota kawai, Uncle," in ji Mubina. "Just the ride."

"'Yata, kin zo inda ya dace. Mota kyauta, koci ma kyauta."

"Ban ce koci ba."

"Kunya kike ji, na gane. Bar mini sauran."

Washegari ya kai labarin wurin aiki. Abokin wankinsa Dachung, mutumin Jos, ya jure wa cika bakin Sale shekara da shekaru, har ya daina ɓoye dariyarsa.

"Wasan me ka ce?"

"Firisbi. A college level fa."

"Wannan da ake jefa wa kare a park?"

"Kai ban da dankali me ka sani? Wasan 'yan boko ne."

"Ka taɓa riƙe shi?"

"Faifai fa aka ce. Kakata da shi take rufe ƙwaryar fura, shi ne zai gagare ni? Ka jira ka gani. In ci musu wasan nan, yarinyar da kanta za ta kawo mini uwarta har gida."

"To Allah ya sa ba a asibiti za ta kawo maka ita ba, tunda nas ce."

Ranar atisayen farko Sale ya sauko daga bas cikin jan kayan wasa da ya saya sabo dal, tumbi ya yi gaba, usur a wuya, hula hana-salla a ka. Bai jira Mubina ta gama jera yaran ba ya karɓe faifan daga hannunta, wai zai nuna musu jifa irin ta ƙwararru. Ya ja da baya, ya dage, ya wurga shi kamar mai jifan mangwaro. Faifan ya tashi sama, ya yi shawara da iska, ya juyo ta saman kansa, ya sauka a kan rufin bas ɗin.

"Wannan shi ake kira deception," in ji Sale. "Write it down."

Da aka sauko da faifan sai ya ce zai nuna musu kai hari. Ya rungume shi a ƙirji, ya ratsa tsakiyar yaran da gudu yana kauce wa mutanen da ba su ko motsa ba, ya isa ƙarshen fili yana haki, ya ɗaga hannu sama yana jiran tafi.

"Uncle, ba a gudu da shi."

"A Kaduna ana gudu."

"A Kaduna ba a wasan."

Yara suka fashe da dariya. Sale ya sha mur, ya busa usur, ya ce duk wanda ya yi dariya ya kama kunnensa ya yi tsallen kwaɗo zuwa waccan bishiyar. Wasu 'yan mata biyu 'yan garin suka dubi juna, suka ɗauki gorunan ruwansu, suka kira mota a waya. Tafiyar da ba su dawo ba ke nan.

Mubina ta zo ta tsaya gabansa, muryarta a ƙasa don kada yaran su ji, amma idonta ya kaɗa.

"Goma na tara da ƙyar, yanzu saura takwas, kuma bakwai ake bukata a fili. Don Allah, Uncle, ka koma cikin mota ka zauna. Kada in sake jin usur ɗin nan."

Ya koma, yana faɗa wa kansa cewa manyan kococi dama daga nesa suke kallo. Daga ranar Mubina ta ci gaba da aikinta cikin natsuwa. Ta koya musu yadda ake murɗa wuyan hannu, yadda ake kafa ƙafa ɗaya a juya, yadda ake cafewa da tafin hannu biyu. Wanda ya yar da faifai ta ce ya sake, wanda ya cafe ta kira sunansa kowa ya ji. Sale yana cikin bas yana gyaɗa kai, kamar shi ya tsara.

Wata rana a hanyar dawowa ya tambayi abin da ya daɗe yana cin sa.

"Wai wane ne rafalin ranar wasan? A ina yake zaune?"

"Ba rafali."

"Ban gane ba."

"Ba a sa alƙali a wasanmu. In an yi maka laifi, kai za ka ce foul. In wanda ya yi ya yarda, shi ke nan. In bai yarda ba, ku yi magana, a mayar da faifan inda ya fito. Kowa shi ke faɗin gaskiya a kan kansa."

Sale ya yi dariya har bas ɗin ta karkata gefen titi. A ƙasar da ko ajiye mota ka yi ba daidai ba sai wani ya fito daga bayan bishiya ya rubuta maka tikiti, a ce an bar yara goma sha huɗu a fili ba mai hukunci? Ko dambe akwai mai raba faɗa. Ya yanke a ransa cewa abu biyu ne. Ko dai akwai rafalin an ɓoye wa yarinyar, to wannan sai an je an gan shi kafin wasa, kamar yadda duk mai hankali yake yi. Ko kuwa da gaske babu, to ashe garin wawaye aka zo, inda duk wanda ya faɗi ya yi ihu shi ke da gaskiya. Ya ƙudura zai shirya wa duka biyun.

Wanda ake saukewa ƙarshe kullum shi ne Abdoul-Aziz, wani dogon yaro ɗan Maraɗi da bai daɗe da zuwa ba. Shi ya fi kowa gudu a cikin sababbin, shi ya fi kowa cafewa, kuma a kansa Mubina ta ɗora rai. Matsalarsa ɗaya: an rene shi a gidan da ba a ce wa babba a'a. Sale ya gano haka tun ranar farko. Maimakon ya kai shi gida, sai ya biya da shi ta wani ɗan filin ciyawa da ke bayan wurin aikinsu, inda Dachung ke zaune a kan bokiti yana ɓarar gyaɗa.

"Yau zan ba ka sirrin da ba na ba kowa," in ji Sale. "Faɗuwa. Da ka ga na cire hulata, ka zube. Ka riƙe gwiwa, ka yi birgima uku, ka kira mahaifiyarka."

"Tonton, pardon, amma kaftin ta ce wasan gaskiya ne," in ji yaron, yana kiran sa kawu da Faransanci.

"Kyaftin yarinya ce. Na girmi ubanka ko ban girme shi ba?"

"Ka girme shi, Tonton."

"To kalle ni."

Sale ya ɗan yi sassarfa, ya buga tsalle, ya zube a ciyawa, ya yi birgima ɗaya, biyu, ta ukun ta kai shi kan gidan jajayen tururuwan nan masu cizo kamar wuta. Ihun da ya biyo baya ba ya cikin darasi. Ya miƙe yana tsalle yana dukan wandonsa, yana kiran mahaifiyarsa da sunanta na yanka.

"Yanzu ka iya, Koci," in ji Dachung, bai ko tashi ba. "Wannan ya yi kama da gaske. Yaro, ka rubuta."

Duk da kumburin da ya kwana da shi, Sale bai karaya ba. Ya shiga zauren WhatsApp na 'yan gida ya sanar cewa ƙungiyar da yake horarwa za ta buga ranar Asabar, duk mai son ganin aikin ƙwararru ya zo da kujerarsa. Mutane kuwa suka zo. Dattawan masallaci sun zo, matansu sun zo, Dachung ya ciko mota biyu da 'yan cocinsu, ya ce musu ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Hajiya Larai ta kashe ranar hutunta guda tana dakan dambun nama saboda yaran, ta cika babbar roba, ta danƙa wa Sale ta ce ya ajiye a bas sai an tashi wasa.

Sale bai ji rabin maganar ba, idonsa na yawo a gefen fili. Can ya hango shi: wani ƙaton dattijo Ba'amurke a kan kujerar naɗi, sanye da riga mai ratsin fari da baƙi. Zuciyar Sale ta yi fari. Wai ba rafali! Ga shi nan an ajiye shi a gefe kamar ɗan kallo, don a yaudari marasa wayo. Ya ɗauki robar dambun, ya rufe ta da rigar sanyi, ya lallaɓa ta bayan motoci.

"Good morning, sir. Small gift from my team. The red ones." Ya kashe masa ido ɗaya. "You understand?"

Dattijon ya buɗe robar, ya sunsuna, ya ɗan ɗebo ya kai baki. Ya lumshe ido. Ya ce bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba, kuma lallai jajayen nan mutanen kirki ne, zai sa musu ido sosai.

Sale ya dawo yana tafiya kamar wanda ya sayi filin. Ya raɗa wa Dachung, "Na ɗaure wasan."

"Da me?"

"Da abin da ake ɗaure wasa."

Aka fara. Abin mamaki, yaran Mubina ba su ba da kunya ba. Sun yar da faifai, sun yi karo da juna, amma sun ci nasu, an ci su, har aka zo daidai, aka ce duk wanda ya ci maki na gaba shi ya yi nasara. Mubina tana gefe tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Dattawan da suka zo yi wa Sale kara suka manta da shi, suka miƙe tsaye. Larai ta dafe ƙirji. Wannan ne ya fi damun Sale, domin ana gab da cin wasa ba a ga hannunsa a ciki ba.

Sai ga Abdoul-Aziz ya tsinke da gudu zuwa ƙarshen fili. Yarinyar da ke tsaron sa ya bar ta a baya da nisa. An sako masa faifan, yana tafe a hankali, a miƙe, ko jariri aka tsayar a wurin zai cafe. Miƙa hannu kawai ya rage.

Sale ya cire hula.

Yaron ya ga faifai, ya ga hula. Tarbiyyar gidansu ta rinjayi duk abin da Mubina ta koya masa. Ya zube ƙasa, ya riƙe gwiwa, ya yi birgima yana "Wayyo Inna." Faifan ya wuce ta samansa ya sauka a ciyawa shi kaɗai.

Sale ya zaro usur ɗin da ya ɓoye a cikin riga, ya busa iya ƙarfinsa, ya ruga cikin fili yana nuna mai rigar ratsi.

"Rafali! Penalty! Sir, you saw it!"

Dattijon ya ɗago, bakinsa cike da dambu, ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake.

Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya yi ihu, abin da Sale ya shirya wa ke nan kuma bai samu ba. Yarinyar da aka bari a baya ta ƙaraso, ta durƙusa kusa da Abdoul-Aziz, ta tambaye shi da Turanci a hankali ko ta taɓa shi. Ta ce ita dai ba ta ji ba, amma in ya ce ta taɓa shi ta yarda, ya yi haƙuri, faifan nasu ne. Sauran 'yan wasan duk suka tsaya suna jiran bakinsa.

Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Yaron ya saki gwiwar, ya zauna, hawaye na zuba. Ya ce mata a'a, ba ta taɓa shi ba. Sannan ya juya wajen dattawan da ke gefe, ya maimaita da Hausa don kada wani ya rasa.

"Wallahi ba ta taɓa ni ba. Tonton Sale ne ya ce in ya cire hula in hwaɗi."

Duk idanu suka koma kan Sale, hula a hannu ɗaya, usur a ɗayan. Ana cikin haka sai ga mai rigar ratsi ya iso, robar a hammatarsa, yana lasar yatsa. Ya ce yana ganin an samu kuskure. Shi ba alƙali ba ne, takalma yake sayarwa a wani kanti, wannan rigar aikinsu ce, daga nan ma can zai wuce. Ya zo kallon 'yarsa ne, ga ta nan durƙushe. Amma yana roƙon a nuna masa wanda ya dafa wannan abin, domin matarsa za ta so ta koya.

Larai ta dubi robar. Tata ce, da murfinta, saura ɗan abin da ya maƙale a gindi.

Dachung ya zauna a ƙasa saboda dariya ta hana shi tsayuwa. Wani dattijo ya naɗe kujerarsa yana salati. 'Yan ɗaya ƙungiyar suka ce in ana so a maimaita jifar, ba komai. Mubina ta ce a'a, faifai ya taɓa ƙasa, nasu ne. Suka ɗauka, suka yi jifa kaɗan, suka ci. Aka tashi wasa, yaran ƙungiyoyin biyu suka yi da'ira suka dafa kafaɗun juna kamar yadda suka saba, aka sa Abdoul-Aziz a tsakiya aka tafa masa saboda gaskiyar da ya faɗa. Yara takwas suka fito da yunwa, ba nasara, ba dambu.

A bakin bas Larai ta same shi, Mubina na bayanta, jama'a kuma sun ƙi tafiya.

"Mubina, kin san abin da na faɗa wa Malam Sale tun farko. Yau nake son amsarki, a gabansa."

Mubina ta dube shi. Ta gaji, kuma ranta a ɓace yake, amma ba muguwa ba ce.

"Mama, a wasanmu ba wanda ke yanke wa wani hukunci. Wanda ya yi laifi shi ke faɗa da bakinsa. Uncle, muna jin ka."

Ƙofa ce aka buɗe masa a fili, kowa a wurin ya gan ta. Kalma uku ake nema, na yi kuskure, irin wadda yaro ɗan shekara goma sha takwas ya faɗa yanzun nan a gaban duniya. Har Dachung ya daina dariya, yana yi masa alama da ido. Sale ya gyara murya, ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

"Gaskiya, Hajiya, tunda ana son gaskiya, akwai kuskure. Yaron nan birgima uku na ce masa, biyu ya yi. Shi ya sa ba ta karɓu ba. Shi kuma wancan, ina ruwan mai sayar da takalma da rigar rafali? Ai shi ya kamata a kama."

Larai ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi robarta daga hannun Ba'amurken, ta rufe, ta sa a jaka.

"Malam Sale, gidana ma ba rafali," ta ce. "Ba za ka iya zama a cikinsa ba."

Ta kama hannun 'yarta suka wuce, 'yan cocin su Dachung suka rarraba yaran a motocinsu, ba wanda ya ko dubi bas ɗin.